Hansai da Yaran da Ke Jiran Gida

Hansai 'yar Funtuwa ce. Ta zo London a 1999, ta biyo mijinta Malam Uwaisu wanda ya zo karatu, karatun ya ƙare, shi kuma ya kama tuƙin bas, har yau yana kai. Council, wato ƙaramar hukumar yankin, ta ba su flat a hawa na biyar a Thamesmead, cikin dogayen gine-ginen sumintin nan masu kallon tafki. A nan ta haifi 'yarta ɗaya tilo, Nana Aisha, a nan kuma ta samu aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare. Shekara goma sha ɗaya tana ɗora hular raga a kan ɗankwalinta, tana zuba wa yara dankali da wake da kifi, ba ta taɓa tunanin wata rana za ta tsaya gaban taro ta yi magana ba. Ko a gidan suna, can wajen tukwane ake samun ta.

Abin ya faro ne daga ƙuna. Wata rana a farkon 2018 ta ɗauko tire daga murhu, gefensa ya taɓa mata hannu, ta ce, "Wash! Wannan tire zai kashe ni."

Daga cikin layin yara wata ƙaramar murya ta ce, "Sannu."

Hansai ta ɗago kai. Yarinya ce 'yar shekara bakwai, siririya, gashinta a cukurkuɗe, sabuwar zuwa makarantar. Sunanta Faridatu. Sati biyar da zuwanta, malamai ba su ji ta furta kalma ko ɗaya ba, har an fara maganar a kai ta a duba kunnenta.

"Kina jin Hausa?" in ji Hansai.

Yarinyar ta dubi farantinta ta ce, "Mamana yana dafa wake da shinkafa. Ya fi wannan daɗi."

Da jin yadda ta juya harshen Hansai ta gane Hausar zangon Ghana ce. Ta yi dariya, ta ƙara mata cokali guda. Daga ranar, kullum sai sun yi 'yar hira ta minti ɗaya a kan layi. Hansai ta so ta ce a kawo mata ita ranar Asabar ta yi mata kitso, amma ma'aikaciyar kicin ba ta da wannan hurumin. Abin da kawai aka iya gaya mata shi ne yarinyar tana hannun council, kuma gidan da take ciki shi ne na uku.

Da aka dawo hutun Ista, babu Faridatu a layi. An mayar da ita wani gida a wajen London. Ina ne, ba a faɗa. Hansai ba ta sake ganin ta ba.

Abokiyar aikinta Kachollom, 'yar Jos ce, Birom, ta kuma shekara goma tana karɓar yaran council a gidanta. Ita ta same ta a bayan kicin tana goge tukunyar da ta riga ta bushe.

"Maman Nana, kuka kike yi?"

"Maman Hosea, yaya za a yi ta yawo da yarinya kamar kayan aro? Ba ta da kowa ne?"

Kachollom ta jawo kujera ta zauna. "Irin nawa riƙon wucin gadi ne, shi ake ce wa foster. Yaro ya zo, ya yi wata shida ko shekara biyu, ya wuce. Wanda kotu ta yanke cewa ba zai koma wajen iyayensa ba, gida na dindindin yake jira, wato adoption. Jarirai ba su cika daɗewa ba. Amma wadda ta wuce shekara biyar, ga ta baƙar fata, ga ta Musulma, ko kuma su biyu ne 'yan uwa da ba a so a raba? Sai ta yi ta jira. Ku kuma ba kwa fitowa."

"Mu su wa?"

"Ku Musulmi mana. Mu ma a coci ba wani ƙoƙari muke ba, amma ku, da kun ji an ce social worker, jami'an kula da yara na council, sai ku rufe ƙofa ku sa sakata."

Maganar ta yi wa Hansai zafi, har ta yi kwana biyu tana gaishe ta sama-sama. Amma ta kasa samun inda Kachollom ta yi ƙarya.

Ranar Lahadi bayan la'asar, Malam Uwaisu yana hutu, ta kawo masa shayi ta zauna a gefensa. Nana Aisha na shirin tafiya jami'a a Leicester, ɗakinta zai zauna babu kowa. Ta gaya masa abin da ke ranta. Ya daɗe yana juya cokali.

"Hansai, riƙo na sani. Gidanmu a Funtuwa an riƙe yara sun fi goma. Amma na Turawan nan daban ne. Shafe sunan uban yaro suke yi, su liƙa masa naka. Addini bai yarda ba."

"Ka tabbata haka dokar take, Malam, ko ji ka yi?"

Ya yarda ji ya yi. Suka shiga jirgin ƙasa na District line zuwa Barking, wajen Malam Abdul-Nasir, limami mutumin Kumasi da Uwaisu ke girmamawa. Limamin ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce abin da aka hana shi ne a ɓoye wa yaro asalinsa ko a jingina shi ga wanda ba ubansa ba. In za su bar wa yaro sunan mahaifinsa, su gaya masa gaskiya, su kiyaye hukuncin gado da na muharrami idan ya balaga, to shi bai ga laifi ba, lada ya gani. Ya ƙara da cewa, "Shekara ashirin ina limanci a garin nan, ku ne na biyu da suka zo mini da wannan tambayar. Na farkon ba su dawo ba."

Sai aka shiga abin da Hansai take kira wankin hanji. Aka haɗa su da wata jami'a mai suna Cynthia, haifaffiyar Peckham, iyayenta 'yan Jamaica, mai yawan dariya amma ba ta tsallake tambaya. Sau tara tana zuwa gidan. Ta duba tagogi, ta duba inda ake ajiye magani, ta tambayi wa za su kira in ɗayansu ya kwanta ciwo. Ta tambaye su ko suna faɗa, in sun yi wa yake fara ba da haƙuri. Ta tambayi Uwaisu ko an dake shi yana yaro, kuma me yake gani game da hakan yanzu. Ranar da ta tambayi dalilin da ya sa 'yarsu ɗaya ce, Uwaisu ya miƙe ya ce zai je ya yi alwala, bai dawo ba sai da ta tafi.

Hansai ce ta amsa. Ta ba ta labarin ɓari huɗu da ta yi bayan Nana Aisha, maganar da ko 'yan uwanta na gida ba su san adadinta ba. Da bakinta ya buɗe sai ta zarce. Ta ce ita ma ba a ɗakin uwarta ta tashi ba. Tana shekara shida aka kai ta wajen gwaggonta a Zariya. Gwaggon ba ta taɓa zaluntar ta ba, amma babu wanda ya zaunar da ita ya ce mata nan za ta zauna har ta girma. Don haka ta yi kusan shekara uku kayanta na ƙulle a ɗankwali a ƙarƙashin gado, tana jiran ranar da za a ce ta tashi.

Cynthia ta ajiye biro ta ce wannan shi ne abu mafi muhimmanci da ta ji tun da ta fara zuwa gidan.

Da ta tafi, Uwaisu ya fito yana huci. "Wannan tonon asiri har ina? Yaro za mu taimaka ko laifi muka yi?"

"Malam, da Nana ce za a ba wa wasu baƙi, tambaya nawa za ka so a yi musu?"

Ya shige ɗaki. Amma a zuwa na gaba ya zauna har ƙarshe, ya kuma amsa duk abin da aka tambaye shi.

Bayan wata takwas suka zauna gaban kwamitin mutum goma, aka ce an amince da su. Suka koma gida suka yi ta jira. Wata biyar babu labari. Sannan Cynthia ta bugo waya ta ce ta san yaro ɗaya suka nema, amma akwai wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, Nusrat mai shekara shida da Ameera mai uku. Musulmi ne, sunan mahaifinsu Jallo. Shekara biyu suna jira, kuma an fara maganar raba su, domin ƙaramar ta samu masu so, babbar ba ta samu ba.

Hansai ta dubi mijinta. Shi ya karɓi wayar ya ce, "Kada a raba su."

Abin da ya raba yaran da iyayensu, Hansai ta sani, domin an ba ta fayil ta karanta. Amma har yau babu wanda ya ji shi daga bakinta. In an matsa mata sai ta ce, "Labarinsu ne. In sun girma sun ga dama su bayar."

Yaran sun tare a watan Nuwamba na 2019. Ameera kwana uku ta ɗauka ta fara bin Hansai har ƙofar banɗaki, tana neman a goya ta. Nusrat kuwa ta shigo da kayanta a baƙar ledar shara, ta ƙi yarda a zuba su a durowa. Hansai ta ga ledar, ta gane ta sarai, ta ce kowa ya ƙyale ta. Yarinyar tana ɓoye burodi a ƙarƙashin filo. In Uwaisu ya ɗaga murya a waya yana gaisawa da 'yan uwansa na gida, irin yadda ake yi in layi ba kyau, sai ta shige bayan labule. Dole ya koma yin wayarsa a matakala. "Miss" take kiran Hansai, kamar a makaranta.

Ana cikin haka korona ta shigo, aka rufe makarantu. Uwaisu ya ci gaba da tuƙi, yana dawowa ya tuɓe a bakin ƙofa ya wuce wanka kafin ya taɓa kowa. Hansai ta zauna da yara biyu a hawa na biyar, babu fita sai zagayen tafki sau ɗaya a yini. Ba ta ɓoye cewa ta sha wuya ba. Akwai ranakun da ta shiga kicin ta rufe ƙofa ta kira Kachollom, ta ce ita kam ta ɗauko abin da ya fi ƙarfinta. Kachollom takan ce, "Sun ci abinci? Suna da rai? To yau kin ci jarrabawa. Gobe ki sake kira na."

Wata safiya Nusrat ta hau kujera, ta ɗauko kwanon tangaran mai murfi da ke saman kabad, wanda mahaifiyar Hansai ta ba ta ranar da za ta taho London. Tana kallon idon Hansai ta sake shi. Ya tarwatse. Kafin Hansai ta dawo hayyacinta, yarinyar ta shiga ɗaki, ta sa rigar sanyi, ta ɗauko ledarta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Are you calling Cynthia now?"

Ran Hansai ya ɓaci ƙwarai, hannunta har ƙaiƙayi yake. Mahaifiyarta ta rasu shekara huɗu kafin nan, kwanon ne kaɗai abinta da ya rage mata. Ta shiga banɗaki ta sakar wa fuskarta ruwan sanyi, ta daɗe a tsaye. Da ta fito sai ta ɗauko tsintsiya ta miƙa wa yarinyar, ta yi mata magana da Hausa, sannan ta maimaita da Turanci don kada ko kalma ɗaya ta kuɓuce mata.

"Na ji haushi, kuma zan yini ina jin haushi. Amma a gidan nan in mutum ya fasa abu, sharewa yake yi, ba tafiya ba. Ba inda za ki. Ko kin fasa duk kwanukan gidan nan, nan za ki kwana, nan za ki girma. Cire rigar, ki sa takalmi kada ki yanke."

Nusrat ta share tana kuka. Ba a ranar ta kwance ledar ba, sai da aka ƙara wata biyu. Hansai ta shiga ɗakin da wanki ta tarar da kayan a durowa, a cukuikuye, ta bar su yadda suke.

A farkon 2021 alƙali ya tabbatar musu da yaran ta bidiyo, suna zaune a falo su biyar, har da Nana Aisha. Aka bar musu sunansu na Jallo. Da aka sassauta dokar taro, Uwaisu ya ce sai an yi walima kamar yadda ake wa kowane ɗa. Suka kama zaure a Barking, Hansai ta soya waina ta yi miyar taushe, mutane suka cika.

A nan ta ji abin da ake faɗa a bayanta. Tana wucewa da tire ta ji wata na cewa, "Yaran council ne fa. Wa ya san asalinsu?" Nusrat na tsaye kusa, kuma zuwa lokacin tana jin Hausa fiye da yadda ake zato.

Hansai ta ajiye tiren. Ta nufi mai sanarwa ta ce ya ba ta makirufo. Uwaisu ya ce shi kansa sai da gabansa ya faɗi, don bai taɓa jin muryarta a lasifika ba.

"Jama'a, sannunku da zuwa. Ni ban iya jawabi ba. Waɗannan 'ya'yana ne, suna da asali, suna da sunan ubansu, ga shi nan a jikin kek. Ina so in tambaye ku, a ɗakin nan wa ya tashi a hannun gwaggo, ko kawu, ko kaka, ko yayar uwa? Ya ɗaga hannu. Ni ce ta farko."

Ta ɗaga hannunta. Sai Malam Abdul-Nasir ya ɗaga nasa. Sai wani likita. Kafin a jima kusan rabin zauren hannu ne a sama.

"To ashe mun san abin. A garin nan akwai yara masu sallah irin tamu suna jiran gida, wasu shekara biyu, wasu uku. Mun tsallako teku da yaji da daddawa, riƙo ne kaɗai muka manta a gida?"

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wata mata mai suna Fausia, 'yar Nima ta Accra, ta tare ta a bakin ƙofa. Council ta taɓa karɓe ɗan ƙanwarta na tsawon shekara guda kafin a dawo da shi, kuma ciwon bai warke ba.

"Hajiya, su suna ƙwace yaranmu, kai kuma kana taya su rabawa?"

Hansai ta riƙe hannunta. "Yaya Fausia, ban zo kare council ba. Suna kuskure, kuma abin da aka yi wa ƙanwarki da ciwo. Duk yaron da zai iya komawa wajen uwarsa, ina roƙon Allah ya koma. Amma wanda ba zai koma ba fa? Fushinmu ba zai yi masa kitso ba."

Fausia ta zare hannunta ta tafi, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Hansai ba ta riƙe ta a rai ba.

Tun daga walimar nan wayarta ba ta huta ba. Da yake rubutu ba ya mata sauƙi, sai ta riƙa naɗar murya a WhatsApp, minti huɗu ko biyar, tana amsa tambayoyin da aka fi yi mata. Ko sai mai gidan kansa? A'a, haya ma ta yi, in dai akwai ɗaki. Ko sai mai aure? A'a. Za a tona maka asiri? Ƙwarai kuwa, ka shirya. Ba ta taɓa yi wa kowa zaƙin baki ba, har labarin kwanon tangaran tana bayarwa, da izinin Nusrat. Saƙonnin suka yi ta yawo har Manchester da Birmingham. Wata rana ƙanwarta ta turo mata ɗaya daga Kano, tana tambaya ko ta san matar nan.

A shekara uku, gidaje tara ne suka je taron farko da council ke yi wa masu son ɗaukar yaro, ta dalilinta. Huɗu ba su koma ba. Ɗaya sun yi nisa suka janye, ta je har gida ta ce musu ba abin kunya ba ne, gara yanzu da bayan yaro ya shigo. Biyu suna riƙon wucin gadi. Likitan nan da matarsa sun ɗauki yaro ɗan shekara takwas, wasu kuma a Dagenham an amince da su suna jira. Ita kuwa tana nan a kicin ɗin makaranta, ƙarfe biyu da rabi ta cire hular raga ta ruga ɗauko Ameera.

A watan jiya wata mata mai suna Rukayatu ta kira ta. Shekararta arba'in da shida, mijinta ya rasu, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ta yi rajistar zuwa taron farko sau biyu tana fasawa. Hansai ta ce ta yi na uku, za ta raka ta.

Ranar Asabar da safe suka shiga bas zuwa Woolwich, ana yayyafi. Da suka iso bakin ginin da ake taron, Rukayatu ta ja ta tsaya.

"Hajiya, ƙafata ta ƙi. In suka ce Turancina bai isa ba fa? In suka ce na tsufa?"

"To sai su faɗa, mu je kasuwa mu sayi kifi mu koma gida. Yau ba yaro za a ba ki ba, shayi za a ba ki da takarda, ki yi tambaya su amsa. Me kika rubuto?"

Rukayatu ta ciro wata 'yar takarda da ta jiƙe a gefe. Tambayoyi shida ne, ta farko ita ce ko za a bar ta ta ci gaba da aikinta.

"Wannan tambaya ce mai kyau, da ita za ki fara," in ji Hansai. Ta karkaɗe lemarta, ta tura ƙofar da kafaɗa, ta riƙe ta har Rukayatu ta shige.